Albasar Sabon Gida da Hatsarin Farashi

Hatsarin farashi shi ne yiwuwar kuɗin kaya ya sauya tsakanin ranar da mutum ya zuba jarinsa da ranar da zai kai kayan kasuwa. Duk sana'ar da ake kashe kuɗi a cikinta yau, a jira watanni kafin a ga riba, tana ɗauke da shi, sai dai nauyinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Sabon Gida, cikin gundumar Madawa ta jahar Tawa a Jamhuriyar Nijar, shi ne ke yanke wa gida hukuncin shekararsa: ko a yi aure a sayi sa, ko a shiga damina da bashi a wuya.

Sabon Gida na cikin fadamar Tarka, wadda ta ratso ƙasar Buza ta gangaro Madawa ta nufi iyakar Najeriya. Ruwan ƙasa a nan kusa yake, kuma tun shekarun 1990 da ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa suka yaɗu, noman rani ya zama babbar sana'a. Wannan fadama, da ta Magiya wajen Galmi, da kwarin Keita da Tamaske, su ne zuciyar noman albasa a Nijar. Ƙasar na noma sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma ita ce kan gaba wajen fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Albasar Galmi mai launin shuni, wadda aka sani da yaji da jure ajiya, tana kai wa Kumasi da Akra da Abijan da Lome da Kwatano.

Mafi yawan manoma kan yi dashe a Nuwamba da Disamba, su yi ta ban ruwa kusan wata huɗu, su cire albasa a Maris da Afrilu. Daga nan matsalar ta samo asali. Kowa na cirewa a lokaci guda, kasuwa ta cika maƙil, buhunan algarara da aka ɗura har suka haura kilo ɗari su yi layi a bakin hanya suna jiran mota. Su kuwa masu ci ba sa ƙara ci don kaya ya yi araha. Uwar gida a Kumasi ba za ta ninka albasar miyarta don farashi ya faɗi ba, kuma ba za ta daina sa ta ba don ya tashi. Kayan da buƙatarsa ba ta motsi sosai, ɗan ƙari a yawansa ya isa ya karya farashi, ɗan ragi kuma ya cilla shi sama. Shi ya sa buhun da aka sayar da arha a Afrilu kan ninka sau uku ko huɗu kafin ƙarshen shekara. Akwai kuma wani zagaye da ya fi wannan tsawo. Shekarar da albasa ta yi kuɗi, kowa zai faɗaɗa gona, har wanda bai taɓa dashe ba ya ari fili. Badi kaya ya yi yawa, farashi ya rushe, wasu su janye, sai ya sake tashi.

Ya kamata a raba abu biyu a nan. Sauyin da ke bin lokutan shekara kowa ya san da shi, ana iya yin shiri dominsa. Abin da ke karya mutum shi ne wanda ba a zata ba, kuma shi masana kasuwa ke aunawa idan suna maganar tangal-tangal ɗin farashi: ba inda farashi ya dosa ba, a'a, nisan da yake iya kaucewa daga abin da aka saba. Shekarar 2023 ta ba da misali mai ciwo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, farashi ya yi tsalle a Gana, a gida kuma mai ajiya ya rasa mai saye. Albasa iri ɗaya, rana ɗaya, ta yi tsada a can ta yi kwantai a nan. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hanyar Benin ba ta koma yadda take ba, motoci da yawa suka koma bi ta Burkina Faso da tsadarta da haɗarinta.

Manomin albasa ba farashin albasa kaɗai yake kallo ba. Injin ban ruwa fetur yake sha, kuma a noman rani kuɗin mai na cikin manyan abubuwan da ke cin jari. Shekara da shekaru garuruwan bakin iyaka sun dogara da man fasa-ƙwauri daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki ƙasa da farashin gidan mai. Arahar tasa daga tallafin gwamnatin Najeriya take. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma kusan 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Manomin Tarka bai jefa ƙuri'a a Najeriya ba, amma jawabi guda a Abuja ya sauya masa lissafin gonarsa.

A cikin Nijar gwamnati ce ke tsayar da farashin gidan mai. Matatar SORAZ da ke jahar Damagaram, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ita ke ciyar da ƙasar. Litar fetur ta daɗe a sefa 540, aka rage ta zuwa 499 a Yulin 2024. Tsayayyen farashi kariya ce ta gaske ga mai saye, amma tana da iyaka. Da ruwa-ruwa ya ja baya, buƙata ta koma kan matata ɗaya, har aka shiga ƙarancin mai a Maris na 2025. Farashin da ke rubuce a allon gidan mai bai motsa ba, man ne babu. Hatsarin farashi ya rikiɗe ya zama hatsarin samu, kuma albasar da ke ƙunsar kai ba ta jiran layi. Wannan na cikin abin da ya sa wasu manoma ke juya injinsu ya koma shan iskar gas ta tukunya, masu hali kuma su sa famfo mai aiki da hasken rana: a biya da yawa sau ɗaya, a rabu da fargabar litar gobe.

Hatsari na uku na ɗan kasuwa ne, wato canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Wanda ya kai kaya Abijan ko Lome da sefa ya saya, da sefa zai sayar. Wanda ya kai Gana kuwa sidi zai karɓa, kuma sau da yawa bashi ake ɗauka, sai an sayar a biya shi. A 2022 sidi ta zubar da fiye da rabin darajarta a kan dala kafin Nuwamba. Falke na iya cin riba a kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Akra a 2021, ya zo wurin ɗan canji ribar ta narke. Naira ma haka ta yi bayan an sake ta a Yunin 2023. Falken da ya san kan aikinsa ba ya kwana da kuɗin da ke zagwanyewa: ko ya canza nan take, ko ya mai da su kaya ya ɗoro wa motar da za ta koma gida. Sefar kanta ba tsira ta yi ba har abada. A Janairun 1994 an kwana an tashi an karya darajarta da rabi.

Kariya daga hatsarin farashi tana da ma'ana guda ko a ina: mutum ya haƙura da wani ɓangare na ribar da zai iya samu, don ya rage asarar da za ta iya faɗa masa. Hatsarin ba ya ɓacewa. Hannu yake sauyawa, kuma wanda ya karɓa sai an biya shi.

Abin da aka fi yi a Tarka shi ne ajiya a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Mutane da yawa na ɗaukar rudu a matsayin kariya, alhali idan aka duba da kyau shi ma wani zubin jari ne mai nasa hatsarin. Albasa na ramewa, tana tsiro, tana ruɓewa, musamman idan damina ta kankama da laima. Asarar kashi ɗaya cikin uku a 'yan watanni ba abin mamaki ba ce, kuma wadda aka cika wa takin zamani ko aka yi wa ban ruwa daf da cirewa ta fi saurin lalacewa. A ɗauki misali: manomi na da buhu 100 a Afrilu, ana sayen buhu jikka 10, wato sefa dubu goma. Idan ya sayar nan take ya kama miliyan ɗaya. Idan ya ajiye zuwa Oktoba ya tarar saura buhu 70, to sai buhu ya haura jikka 14 kafin ya mai da abin da ya bari, ba a ma sa kuɗin gyaran rudu da ladan masu tsincewa ba. Buhu ya kai jikka 30, ya ninka kuɗinsa. Ya tsaya a 13, saboda an rufe iyaka ko albasar Agadas ta sauko da wuri ko ta Holan ta cika Abijan, ya yi asara bayan wahala. Mai hankali kan raba: wani kaso a sayar lokacin cirewa, wani a tsakiya, wani a ƙarshe.

Amma babban abin da ke hana ƙaramin manomi ajiya ba jahilci ba ne, bashi ne. Ya ci bashin iri da taki da mai da na 'yan ƙwadago, duka kuma lokacin cirewa ake biya. Ya san farashi zai tashi, kamar yadda mai sayen ya sani. Bambancin shi ne ɗaya na iya jira, ɗaya ba ya iyawa. Tsarin warantaj, wanda wani shirin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, wannan gurbi ya zo cikewa. Ƙungiyar manoma na zuba amfaninta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun lamuni. A ba manoma rancen wani kaso na darajar kayan, idan farashi ya tashi a sayar a biya. Ya yi aiki a gero da wake da gyaɗa. A albasa ya fi wuya, domin mai ba da rance ba ya son jinginar da ke raguwa kullum a cikin sito.

Hanya ta biyu ita ce a yanke farashi tun kaya bai zo ba. Manomi da ɗan kasuwa su shirya a Disamba cewa a Afrilu za a ba da buhu 50 a kan jikka 13 kowanne. Kasuwa ta faɗi zuwa 8, manomi ya tsira. Ta tashi zuwa 20, ɗan kasuwa ya dace. Kowanne ya san matsayinsa tun da wuri, kuma wannan sanin shi ne abin da aka saya. Raunin irin wannan ciniki a fili yake: ranar cikawa, dole ɗayansu yana ganin an cuce shi. Manomi ya zagaya ya sayar wa wani da dare, ko ɗan kasuwa ya zo ya ce albasar ƙanana ce, ba ita aka shirya ba. Akwai kuma mummunan nau'insa da ƙasar Hausa ta daɗe da sani, inda mai kuɗi ke ba manomin da yunwa ta matsa kuɗi kaɗan a kan amfanin da bai nuna ba. Wannan ba raba hatsari ba ne, cin gajiyar matsuwa ne, domin farashin da aka yanke tun farko ya yi ƙasa da duk abin da kasuwa za ta iya faɗowa gare shi.

Manyan kasuwannin duniya an gina su ne don toshe wancan rauni na saɓa alkawari. A Osaka ta Japan an amince da kasuwar shinkafa ta Dojima a 1730, a Shikago ta Amurka aka kafa kasuwar hatsi a 1848. Dabarar ita ce a daidaita komai: nauyi, inganci, wurin miƙawa da watan miƙawa, farashi kaɗai ya rage a yi ciniki a kai. Wata hukumar kasuwa ke shiga tsakani, ta zama mai saye ga kowane mai sayarwa, mai sayarwa ga kowane mai saye. Kowa na ajiye kuɗin jingina, ana lissafi kullum, wanda farashi ya juya wa baya a ce ya ƙaro kuɗi kafin gobe. Da haka kamfanin jiragen sama ke ɗaure farashin man da zai sha badi, mai haƙar mai kuma ya ɗaure na gangar da bai haƙo ba. Wanda ke karɓar hatsarin sau da yawa ɗan cacar farashi ne da ba ruwansa da kayan, riba kawai yake bi. Wannan ƙaro kuɗi na kullum shi kansa tarko ne: kamfanin Metallgesellschaft na Jamus ya yi asarar sama da dala biliyan ɗaya a 1993 a kan cinikin man da ya shiga da sunan kariya.

Akwai kuma cinikin zaɓi, wanda ya yi kama da kafin alƙalami: a biya wani abu kaɗan don samun damar sayarwa a wani farashi, in kasuwa ta fi shi kyau a bar damar, abin da aka biya ya tafi. Ƙasar Meziko ta shahara da wannan. Ta shafe shekaru tana kashe kimanin dala biliyan ɗaya a shekara don sa wa farashin manta ƙasan da ba zai wuce ba. Da ganga ta faɗo daga dala 147 a Yulin 2008 zuwa ƙasa da 40 a ƙarshen shekarar, Meziko ta karɓi kusan dala biliyan 5 a 2009, ta sake karɓar sama da biliyan 6 a 2015. Wannan batu ya shafi Nijar kai tsaye tun Mayun 2024, lokacin da aka fara loda ɗanyen man Agadem a tashar Seme ta Benin ta bututun da ya kusa kilomita 2,000. A Afrilun shekarar gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a kan man da za a sayar nan gaba. Bashin tsayayye ne, farashin gangar da za a biya shi da ita ba tsayayye ba ne. Matsayin ƙasar bai yi nisa da na manomin da ya ci bashin taki ba.

Abin sha'awa, albasa na da nata babi a tarihin waɗannan kasuwanni. A shekarun 1950 cinikin albasar gaba na cikin waɗanda suka fi tashe a Shikago. A 1955 wasu mutum biyu, Vincent Kosuga, manomi daga jihar New York, da Sam Siegel, suka saye kusan duk albasar da ke birnin suka ɓoye. Daga baya suka ɗaure cinikin da zai ba su riba in farashi ya faɗi, sannan suka kwararo kayan kasuwa. Buhu mai nauyin kusan kilo 23 da ake sayarwa dala 2.75 a Agustan 1955 ya koma santi 10 a Maris na 1956, ƙasa da kuɗin buhun da babu komai a ciki. Manoma da yawa suka karye. Ɗan majalisa Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya kai ƙudiri, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a 1958, aka haramta cinikin albasar gaba a Amurka, dokar na nan har yau. Haramcin bai kwantar da farashi ba. Roger Gray na Jami'ar Stanford ya nuna a 1963 cewa hawa da saukarsa ƙaruwa suka yi, ko da yake wani bincike da ya biyo baya ya yi jayayya da hakan. Labarin ya nuna fuska biyu: kasuwar da ba ta da mai tsaro manya kan haɗiye ta, rufe ta kuma ba ya sa albasa ta daina ruɓewa.

A yankin da kusan kowa Musulmi ne, ba a gama wannan magana sai an taɓo hukuncin shari'a. Fiƙihu ya halatta cinikin salam: mai saye ya biya kuɗi duka tun farko, a miƙa kaya daga baya, da sharaɗin a fayyace iri da mudu ko nauyi da lokaci, kuma kada a rataya shi a kan amfanin wata gona guda. Malikawa sun yi sassaucin jinkirta biyan har kwana uku. Abin da aka hana shi ne sayar da bashi da bashi, da cinikin da jahilci ya yi masa yawa. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ƙi amincewa da cinikin gaba da na zaɓi yadda ake yin su a kasuwannin zamani. Salam kuwa ya dace da Tarka fiye da tsarin Shikago, domin yana warware matsala biyu a tare: manomi ya samu jarin mai da taki a Nuwamba, ya kuma san farashinsa. Sharaɗin adalci shi ne ya kasance yana da masu saye fiye da ɗaya da zai zaɓa a ciki.

Ƙasashen Afirka sun fara gwada kasuwannin kaya masu tsari: Habasha a 2008, Gana a 2018, Najeriya ma na da irinsu. Hatsi da kofi da riɗi suka fi karɓa, domin suna zama a sito. Albasa ta fi su taurin kai. A Nijar matakin da aka ɗauka shi ne cibiyoyin cinikin albasa irin na Tsarnawa da Madawa da Tamaske, inda ake haɗa mai kaya da mai saye a fili a kuma san farashin rana, tare da labarin farashin kasuwanni da hukumar SIMA ke tattarawa ana yaɗawa a rediyo. Wayar hannu ta ƙara rage duhu. Manomi a Sabon Gida na iya jin yadda aka tashi a Kumasi kafin dillali ya iso gonarsa.

Sanin farashin yau bai kai ɗaure na gobe ba. Kafin a iya rubuta takardar da banki ko ɗan kasuwar Abijan zai yarda da ita, sai an fara da abubuwan da ake rainawa. Buhu ba ma'auni ba ne muddin mai saye ne ke cewa a ƙara ɗurawa. Sai an koma sikeli da kilo. Sai an raba manya da matsakaita da ƙanana bisa ƙa'idar da kowa ya sani, don kada inganci ya zama ƙofar warware alkawari. Sai an samu rumbunan da asararsu ta ragu har mai ba da rance ya yarda ya riƙe mabuɗi. Sai kuma wurin kai ƙara da ke yanke hukunci cikin kwanaki, ko sarkin kasuwa ne ko kwamitin ƙungiyar manoma da 'yan kasuwa, domin shari'ar da ta ɗauki wata uku a kan albasa, kafin a yanke ta kayan da ake jayayya a kai sun tsira a cikin buhu.